Wa Ya Zo Na Ɗaya? Jerin Lambobi na Wasannin Ƙasashe da Ƙidayar Nasara a Wurin Bahaushe

Duk bayan shekara huɗu, in an watse daga babban taron wasannin duniya wanda ake kira Olamfik, sai gidajen rediyo su shiga karanta wa jama'a wani dogon jeri na sunayen ƙasashe. Su ce wance ce ta zo ta ɗaya, wance ta biyu, su yi ta gangarowa har su iso kan waɗanda suka koma gida hannu banza. Mutanen ƙauye kuwa ba su gaza na birni ba wajen sauraron wannan labari. A ƙasar Bagwai, inda gona ke manne da gona, gari kuma ke hangen gari, da wuya a rasa mai rediyo ko wayar hannu a dandali, ko a bakin madatsar ruwa ta Watari wurin masu noman rani. Yaran makaranta su ji, su kawo wa malaminsu tambaya, shi kuma sau da yawa ya amsa musu da abin da ya ji a rediyon nan dai, sai ka ce jerin wani hukunci ne wanda alƙali ya yanke.

Nufin wannan 'yar takarda shi ne a bayyana yadda ake shirya jerin, a nuna cewa al'adar ƙidaya ce kurum wadda mutane suka zaɓa daga cikin al'adu da dama, sa'an nan a gwada ta da irin ƙidayar nasara wadda Hausawa suka gada a dambe da kokawa. Abin ya shafe mu ta fuska biyu. Mu ne masu koya wa malamai kalmomin da za su bayyana waɗannan abubuwa da su a aji. Har wa yau kuma wasanninmu na gargajiya sun riga sun shiga cikin jerin, an fara yanka musu riga daidai da shi.

Bari mu fara da kalmomin kansu. Abin da ake rataya wa gwani a wuya, yau kowa yana kiransa lamba, ko lambar yabo. Kalmar lamba ta zo mana daga Ingilishi, inda ma'anarta ba ta wuce adadi ba, amma da ta shigo Hausa sai ta yi rassa: lambar mota, lambar soja, lambar girma. Tsofaffin sojojin da suka yi yaƙin duniya na biyu suna da wata kalma dabam, watau minda, ita ma ararriya ce daga Ingilishi, tana nan cikin ƙamus amma ta kusa fita daga bakin mutane. A ganina an yi hasara da aka bar ta, domin in ka ce wa yaro lamba ta ɗaya, ba ya sanin ko adadi kake nufi ko abin wuya, alhali kuwa minda ba ta da ma'ana biyu. Sunayen ƙarafan ma kowanne da tafiyar da ya yi. Zinariya daga dinar ta Larabci ta fito, Larabawa kuma sun karɓo kalmar daga sunan wani kuɗin Rumawan dā, wanda, abin mamaki, na azurfa ne. Azurfa kuwa daga harshen Buzaye muka samo ta. Tagulla ta ishe mu ga lamba ta uku, ko da yake Bahaushe bai cika rarrabe jan ƙarfe tsantsa da wanda aka gauraya ba.

Wannan tsari na ƙarfe uku bai zo tare da wasannin ba. Sa'ad da aka farfaɗo da Olamfik a birnin Atina na ƙasar Girka cikin shekara ta 1896, bisa ƙoƙarin wani Bafaranshe mai suna Pierre de Coubertin, wanda ya yi na ɗaya azurfa aka ba shi da reshen zaitun. Sai a taron 1904, a birnin St. Louis na Amurka, aka fara ba da zinariya da azurfa da tagulla. Zinariyar ma tun bayan taron 1912 ba a sake yin ta da zinariya zalla ba. Ta yanzu azurfa ce aka shafe da ruwan zinariya wanda bai gaza giram 6 ba. Da maƙerin farfaru na kasuwar Kurmi ya karce ta, da ya ce ba haka aka yi ciniki ba.

To, ina dokar da ta ce a jera ƙasashe? Mai karatu zai yi mamaki in ya ji cewa kundin dokokin Olamfik ya faɗa a sarari gasar tsakanin 'yan wasa ake yin ta, ɗaiɗai ko ƙungiya-ƙungiya, ba tsakanin ƙasashe ba. Shekaru da yawa ma kundin ya hana babban kwamitin wasannin ya fitar da wani jeri na hukuma wanda zai ɗora wata ƙasa bisa wata. 'Yan jarida ne suka raini jerin, gwamnatoci suka karɓe shi hannu biyu-biyu. Ya yi ƙarfi ƙwarai daga taron Helsinki na 1952, shekarar da Tarayyar Sobiyet ta fara shiga, domin daga nan ita da Amurka suka mai da filin wasa wani fage na yaƙin cacar baka, kowace tana so ta nuna tsarin mulkinta shi ke haifar da ƙarfafan mutane. A wannan taro na Helsinki ne kuma Nijeriya ta fara aikawa da 'yan wasanta, tun tana ƙarƙashin mulkin Ingilishi.

Hanyar da aka fi bi wajen jerawa, mai nazarin harshe zai gane ta nan da nan, gama ita ce hanyar ƙamus. In ka buɗe Bargery kana neman kalma, harafin farko shi ke yanke hukunci. Duk kalmar da ta fara da a tana gaban duk wadda ta fara da b, kome tsawonta, kome gajartarta. Ba a duban harafi na biyu sai na farko ya zo ɗaya. Haka jerin lambobi yake: zinariya ita ce harafin farko, azurfa na biyu, tagulla na uku. Ƙasar da ta sami zinariya guda ɗaya tak tana gaban wadda ta tara azurfa ashirin ba zinariya. A taron Faris na 2024 Amurka da Sin kowace ta sami zinariya 40, sai aka koma ga harafi na biyu, Amurka tana da azurfa 44, Sin tana da 27, Amurka ta hau sama. A wannan taro dai Holan, mai lamba 34 duka-duka, ta zauna bisa Birtaniya mai lamba 65, saboda ta fi ta da zinariya ɗaya, 15 da 14.

Akwai hanya ta biyu, wadda jaridun Amurka suka saba bi, watau a tara lambobi duka a ƙidaya ba tare da duban ƙarfe ba. Bambancin ya fito fili a taron Bejin na 2008. Ranar da aka tashi, Sin tana da zinariya 51 da jimlar lamba 100, Amurka tana da zinariya 36 da jimla 110. Mai karanta jarida a Bejin ya kwana da sanin ƙasarsa ce ta ɗaya, mai karantawa a Amurka ma haka, kuma babu wanda aka yi wa ƙarya. Hanya ta uku ita ce ta maki, wadda malamanmu suka fi sani, domin da irinta ake lissafin gasar gida-gida a makarantun kwana: a ba na ɗaya maki uku, na biyu biyu, na uku ɗaya.

Domin malami ya sami abin rubutawa a allo, ga misali na ƙirƙira. A ce makarantun garuruwa uku na ƙasar Bagwai, Romo da Gadanya da Kiyawa, sun haɗu sun yi wasa iri shida. Romo ta ci zinariya 3, ba ta sami kome ba bayan su. Gadanya ta sami zinariya 2, azurfa 4, tagulla 1. Kiyawa ta sami zinariya 1, azurfa 2, tagulla 5. In an bi hanyar ƙamus, Romo ce ta ɗaya. In an tara jimla, Kiyawa ce, da lamba 8. In an ba da maki, Gadanya ce, da maki 15, Kiyawa 12, Romo 9. Yara ɗaya, fili ɗaya, yini ɗaya, amma kowane gari yana da hujjar buga tambari. Duk wanda ya taɓa raba gardama tsakanin manoma biyu, ɗaya yana ƙidaya damin gero, ɗaya yana ƙidaya buhun gyaɗa, ya san irin wannan shari'a.

Amma fa akwai abin da ya fi wannan nauyi, shi ne tambayar mene ne lamba ɗaya. A jeri, ƙungiya kome yawanta lamba ɗaya ake rubuta mata. Cikin 1996, a birnin Atlanta, 'yan ƙwallon Nijeriya sun fitar da Barazil da ci 4 da 3, suka doke Ajantina da ci 3 da 2 a wasan ƙarshe, a cikinsu har da 'yan Kaduna, Tijjani Babangida da Garba Lawal da Daniel Amokachi. Wannan aiki na mutum goma sha takwas, na mako biyu, zinariya ɗaya aka rubuta masa, daidai da tsalle guda na Chioma Ajunwa, wadda ta yi dogon tsalle na mita 7.12 a wannan taro. Ba raina tsallenta nake yi ba, ita ce ma ta fara kawo wa ƙasar zinariyar Olamfik. Abin lura shi ne ƙwallon ƙafa zinariya biyu kaɗai ke cikinta, ta maza da ta mata, iyo kuwa yana da fiye da talatin. Wani Ba'amurke, Michael Phelps, shi kaɗai ya kwashi zinariya 8 a cikin ruwa a taron 2008. Saboda haka ƙasar da ke da tafkunan iyo na zamani da kuɗin kula da su ta fara tsere da tazara tun ba a hura usur ba. Yaron da ya koyi iyo a Watari ko da ya fi kifi, babu mai auna masa lokaci.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na taron Riyo a Barazil, cikin 2016. Nijeriya ta dawo da tagulla ɗaya ta ƙwallon ƙafa, bayan ta ci Honduras 3 da 2, Sadiq Umar ya jefa biyu, Aminu Umar ɗaya. Jamhuriyar Nijar kuwa ta dawo da azurfa ɗaya, wadda Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya samo a wasan taikwando. Bisa hanyar ƙamus, Nijar tana gaban Nijeriya a wannan shekara. Mutanen Maraɗi suna da abin tsokanar mutanen Katsina, kuma lissafi yana bayansu. Wasu kuma sukan raba yawan lambobi da yawan jama'a, su fitar da wani jeri na huɗu. In an yi haka sai ƙananan tsibirai su hau kan kowa, kamar Dominika, wadda mutanenta ba su kai dubu ɗari ba, ga shi ta sami zinariya a 2024, shekarar da Nijeriya ba ta sami ko tagulla ba.

Dokokin shiga ma suna da hannu. A guje-guje da tsalle-tsalle ƙasa ba ta sa fiye da mutum uku a wasa guda, a iyo biyu, a damben Turawa mutum ɗaya a kowane ajin nauyi. Ƙasa kamar Kenya, wadda ke da masu dogon gudu fiye da bukatarta, dole ta bar gwanaye a gida. Sa'an nan ga dokar sauya ƙasa, wadda galibi ke neman ɗan wasa ya dakata shekara uku kafin ya ɗauki tutar wata. Francis Obikwelu, haifaffen Nijeriya, Fotugal ya samo wa azurfar gudun mita 100 a 2004. Annette Echikunwoke ta je Tokiyo cikin 2021 da rigar Nijeriya, aka hana ta shiga tare da wasu tara domin ba a cika yi musu gwajin ƙwayoyi yadda doka ta tsara ba. Da aka zo Faris sai ta yi wa Amurka jifan guduma, ta sami azurfa. Hannu ɗaya ne ya yi jifan, jeri kuwa tuta yake gani.

Kuma jerin ba ya bushewa ranar da aka rubuta shi. Ana ajiye jini da fitsarin 'yan wasa har shekara goma, a sake gwadawa in an sami sabuwar dabara. Zinariyar nan 51 ta Sin a 2008 ta koma 48 daga baya. A taron Sidni na 2000 'yan Nijeriya huɗu, Clement Chukwu da Jude Monye da Sunday Bada da Enefiok Udo-Obong, sun zo na biyu a tseren miƙa sanda na mita 400 sau huɗu. Bayan shekaru ɗaya daga cikin Amurkawan da suka riga su ya amsa cewa ya yi amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari. Sai a cikin 2012 aka tabbatar wa Nijeriya zinariya, Sunday Bada kuwa ya riga ya rasu a watan Disamba na 2011. Malamin da ke koyarwa da tsohon littafi, lalle ya duba shekarar da aka buga shi.

Yanzu sai mu juyo gida. Bahaushe ya san gasa tun kafin ya ji sunan Olamfik, kuma yana da tasa ƙidaya. Da kaka, in an gama yankan gero da dawa, amfanin gona ya shiga rumbu, kuɗin gyaɗa ya shiga aljihu, a lokacin ne 'yan dambe kan bi garuruwa da makaɗansu. Asalin wasan na mahauta ne, shi ya sa kalangu ba ya rabuwa da shi. Ɗan dambe yakan naɗe hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle da zare, a kira shi mashi, ɗaya hannun a buɗe shi ne garkuwa. Ba sikeli, ba agogo. Mutum ya fito fage, ya tsaya gaban wanda yake so, ya miƙa masa hannu. In wancan ya ga zai iya, ya tashi, in ya ga an fi ƙarfinsa, ya ƙi, jama'a kuwa suna gani. Akan yi turmi uku. Wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa, an ce ya kashe shi. In turmi uku suka cika ba wanda ya faɗi, sai a raba su, a ce babu kisa.

A lura da kalmomin nan da kyau, domin a cikinsu ƙidayar take. Kisa aiki ne da ke neman mai yi da wanda aka yi wa. Ba a cewa wane ya yi kisa bakwai a tsaya nan, sai an tambaya, wa ya kashe? Darajar nasara tana rataye da sunan wanda aka kayar. Wanda ya buge ƙananan yara goma bai kai wanda ya buge babban ɗan dambe guda ɗaya ba, kuma kowane ɗan kallo ya san haka ba tare da an rubuta ba. Jerin lambobi kuwa ba ruwansa da sunan wanda aka kayar. Zinariyar da aka samu a gasar mutum takwas da wadda aka samu a gasar mutum tamanin duk ɗaya ne a wurinsa. Har sunayen 'yan dambe ma suna tafiya bisa wannan tafarki na dangantaka: Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane, Dogon wane, kowa ana jingina shi ga maigidan da ya koya masa. A gidajen damben Kano ana raba su ɓangare-ɓangare, Kudu da Guramada da Jamus, wanda ba shi da wata alaƙa da ƙasar Jamusawa sai aron suna. Littafin da ke riƙe tarihin kuwa shi ne bakin makaɗi. Abin da mutanen yau suka sani game da Shago, yawancinsa daga waƙar Muhammadu Bawa Ɗan Anace suka san shi.

Ba wai Bahaushe bai san tara jimla ba. A noma yana yi. A wasu sassa na ƙasar Hausa, musamman wajen Katsina da Maraɗi, manomin da ya tara dami dubu yakan yi bikin dubu, ya ciyar da jama'a, ya yi kyauta har ya kusa tsiyacewa, daga nan a riƙa kiransa Sarkin Noma. Amma wannan ma iyaka ce ake ƙetarewa. Mutum biyu suna iya kai dubu a shekara guda, kaiwar ɗaya ba ta rage wa ɗaya kome ba. A jerin lambobi kuwa ba ka hawa sai wani ya sauka.

Mutanen Nijar sun sami wata hanya ta tsakiya wadda ta cancanci nazari. Tun daga 1975, da aka fara a Tawa, suna yin gasar kokawa ta ƙasa baki ɗaya, ana zagayawa da ita jiha-jiha, kowace daga jihohi takwas tana kawo 'yan kokawa goma. Akwai alƙalai da rubutacciyar doka, akwai rediyo da talabijin. Duk da haka ba a raba mutane bisa nauyi, kuma abin da ake nema guda ɗaya ne, takobi. Wanda ya kayar da kowa a naɗa masa rawani, a ba shi takobi da doki. In ka tambayi mutumin Damagaram labarin wata shekara, ba zai ce maka jiha kaza ta tara kaza ba. Zai ce shekarar da Kantu na Maraɗi ya ɗauka, ko shekarun da Issaka Issaka na Dosso ya yi ta ɗauka. Watau sun karɓi tsarin hukuma, amma sun riƙe ƙidayar suna.

A Nijeriya hanyar ta bambanta. Cikin 1973, shekara uku bayan ƙarewar yaƙin basasa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa bikin wasanni na ƙasa, aka fara a Ikko, domin samarin jihohi goma sha biyu na lokacin su haɗu a fili maimakon fagen fama. A shekarar nan kuma Ikko ta karɓi baƙuncin wasannin Afirka karo na biyu, waɗanda aka fara a Barazabil cikin 1965. Bikin na ƙasa ya ɗauki tsarin Olamfik ɗungurungum, har da jerin jihohi bisa hanyar ƙamus, inda Jihar Delta ta daɗe tana zama a sama. Daga baya aka shigar da wasannin gargajiya, dambe da kokawa da langa, tare da ayo na Yarabawa. Ga jihohin Arewa wannan ƙofa ce ta samun zinariya, tun da yake ba su da rabo mai yawa a iyo ko wasan tsalle-tsallen motsa jiki.

Sai dai duk wasan da zai shiga jeri dole ya haifi na ɗaya da na biyu da na uku, kuma dole ya haife su cikin kwanakin da aka ƙayyade. Saboda haka aka kawo sikeli, aka raba 'yan dambe aji-aji. Aka kawo agogo. Aka kawo alƙalai masu ba da maki, domin a gasar da ake fitar da wanda aka ci, ba dama a ce babu kisa, sai an sami wanda zai wuce. Langa, wadda yaran ƙauye ke yi da farin wata, kowa ya kama ƙafa ɗaya yana tsalle da ɗaya, ana kare wanda ake kira ruwa har ya kai gida, ita ma an shata mata fili da ma'auni, an rarraba ta kashi-kashi, kowane kashi da lambarsa. Wani abin dariya kuma, wanda aka kashe a damben ƙarshe yanzu yakan tashi ya karkaɗe jiki, ya hau dakali a rataya masa azurfa. A fagen ƙauye ba shi da suna sai wanda aka kashe.

Ba na cikin masu cewa duk wannan ɓarna ce. Sikeli ya hana a haɗa yaro da ƙato, likita a bakin fage kuwa alheri ne wanda ba mai musu, haka kuma hana miyagun abubuwan da wasu kan ɓoye cikin naɗin hannu. Abin da nake jin tsoronsa shi ne ɓacewar babu kisa. Hukunci ne mai daraja, yana cewa an gwada mutum biyu an tarar ba wanda ya fi wani yau. Su kansu masu Olamfik sukan koma gare shi in ta kama. A Tokiyo cikin 2021, Mutaz Barshim na Ƙatar da Gianmarco Tamberi na Italiya sun tsallake mita 2.37 a tsallen sama, suka kasa abin da ke gaba. Aka ce su sake karawa, suka zaɓi a ba kowannensu zinariya, doka kuma ta yarda. Duniya ta yi ta mamaki da yabo, alhali kowane ɗan kallon dambe a kasuwar ƙauye ya saba ganin haka.

Wani abu kuma da zai ba ma'abota wannan sashe sha'awa: daga 1912 zuwa 1948 Olamfik tana ba da lambobi ga adabi da kiɗa da zane da sassaƙa da fasalin gini, har Coubertin da kansa ya ci zinariyar adabi a 1912 da sunan aro. An daina, amma wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci sun riƙe al'adar. Da aka yi su a Yamai cikin Disamba na 2005, an yi kokawar gargajiya, an kuma ba da lambobi ga waƙa da rawa da tatsuniya, duka aka zuba cikin lissafin ƙasashe. Yadda alƙali zai auna tatsuniyar Bahaushe da ta mutumin Kanada ya ce wannan ta fi waccan da maki kaza, wannan sai a takarda ta dabam.

Saura maganar fassara, wadda ita ce aikinmu na kullum. Aikatau ci ya dace da wasa guda, domin yana neman abin da aka ci ko wanda aka ci: ta ci tseren, sun ci Ajantina. Lashe ya fi shi ƙarfi, yana nuna ba a bar kome a kwano ba, don haka ya dace da mai takobi. In aka ce wata ƙasa ta lashe Olamfik, an faɗi abin da bai faru ba, gama ba a sa wani kofi domin ƙasa ba. Abin da ya kamata ɗalibin makarantar horon malamai, ko a Bichi yake ko a Zariya, ya saba faɗa shi ne ta fi kowa yawan zinariya, ko ta fi kowa yawan lambobi, ya ambaci ma'aunin tare da hukuncin. Zakara da gwarzo a bar wa mutum mai jini a jika. Ga daidaito kuma muna da kunnen doki da canjaras, muna da babu kisa, ba mu bukatar aro.

Kunnen doki yana da kyakkyawan misali wanda ya haɗa ƙasashen Hausawa biyu. A damben Turawa ba a sa waɗanda aka fitar a wasan kusa da na ƙarshe su sake karawa, kowannensu akan ba shi tagulla, shi ya sa tagulla ta fi zinariya yawa a kowane jeri. Ta wannan hanya Nojim Maiyegun ya samo wa Nijeriya lambarta ta farko a Tokiyo cikin 1964. A taron Munik na 1972 kuma Isaac Ikhouria ya samo wa Nijeriya tagulla ɗaya, Issaka Daboré ya samo wa Nijar tagulla ɗaya, wadda ita ce lambarta ta farko, dukansu biyu a dambe, kowa a ajin nauyinsa. Ko ta hanyar ƙamus aka bi, ko ta jimla, ko ta maki, a shekarar nan Nijar da Nijeriya layi ɗaya suka zauna.